Da gaske ne UNESCO ta mallaka wa Senegal jalof?

Ba a daɗewa da fara musun jalof tsakanin 'yan Najeriya da 'yan Ghana a Facebook ko X sai wani ya faɗo da maganar da yake ganin za ta rufe bakin kowa: ai UNESCO ta riga ta raba gardama, jalof na Senegal ne, kowa ya kama gabansa. Maganar ta yi ƙarfi ne a farkon 2023, lokacin da shafukan labarai suka yi ta buga kanu mai wannan ma'ana, kuma har yau ana jawo ta kamar hukuncin alƙali.

To, shin akwai wata hukuma a duniya da ke zama ta raba gadon girki, ta ce wannan tukunya ta wane ce, waccan ta wance? In akwai, me zai hana a wayi gari an miƙa wa wata ƙasa kilishi, ko fura, ko waina? Tambayar ta fi ƙarfin raha, domin a ƙarƙashinta akwai takardu iri biyu da mutane ke cakuɗawa. Ɗaya ta karramawa ce kawai. Ɗayar kuwa tana taɓa aljihu.

## Abin da aka rubuta a Disambar 2021

A zaman da kwamitin UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ya yi a watan Disamba na 2021, an shigar da wani girki na Senegal cikin kundin al'adun gado na ɗan Adam. Sunansa da harshen Wolof ceebu jën, wato shinkafa da kifi. Kalmar jalof ma ba ta cikin sunan abin da aka shigar.

Wanda ya taɓa zama gaban kwanon ceebu jën ya san ba shinkafar biki irin ta Legas ba ce. Kifi mai tsoka ake samu, a huda shi, a cusa masa dakakken haɗin ɗanyen ganye mai ƙamshi da tafarnuwa da barkono, sannan a soya. A cikin romon tumatirin ake jefa rogo, kabeji, karas da gauta, manya-manya, ba a tsaya yanka su ƙanana ba. Akwai busasshen kifi mai ƙarfin wari da wani dodon koɗi na teku da aka bari ya tsumu, su ne ke yi wa romon irin aikin da daddawa ke yi wa miyarmu. Idan komai ya nuna sai a tsame, a zuba shinkafa a cikin ruwan, kuma ba doguwa ba, karyayyiya. Tsamiya da yakuwa na gefe. Ƙanzon gindin tukunya, wanda suke kira xooñ, ba a ba wa kaji, rabonsa ake yi.

Bayanin da UNESCO ta wallafa bai tsaya kan kayan haɗi ba. Ya kawo yadda uwa ke koya wa 'yarta, da yadda ake zagaye kwano ɗaya a ci da hannu, har da ladubban da ake ɗora yara a kai: ba a zama a ɗage gwiwa, ana riƙe kwano da hannun hagu, ba a barin ƙwayar shinkafa ta faɗi ƙasa. Duk wanda ya tashi a gidan yawa a ƙasar Hausa zai ji kamar da shi ake.

Labarin baka na birnin Saint-Louis, wanda mutanensa ke kira Ndar, yana danganta girkin da wata mai dafa abinci mai suna Penda Mbaye a ƙarni na 19. Ita kuwa karyayyar shinkafar, sawun mulkin mallaka ce. Faransawa sun tura manoman Senegal ga noman gyaɗa don fitarwa waje, suka riƙa shigo musu da ɓarɓashin shinkafa mai araha daga yankin Indochina da suke mulka, inda Biyetnam take a yau. Abin da aka kawo don cike cikin talaka ya zama abin alfaharin ƙasa, har yanzu kuma Senegal na sayo karyayyar shinkafa mai yawa daga Asiya.

## Wane irin kundi ne wannan?

UNESCO na da kundaye biyu da ake yawan rikitawa. Na farko ya samo asali daga yarjejeniyar 1972, kuma na wurare ne, abin da za ka je ka tsaya a kai: tsaunin Sukur a Adamawa, kurmin Osun a Osogbo, tsohon birnin Agadez. Na biyu ya fito daga yarjejeniyar 2003, wadda ta fara aiki a 2006, kuma na abin da ba a taɓawa da hannu ne: waƙa, rawa, sana'a, biki, sani irin wanda ke tafiya daga baki zuwa kunne. Girki a nan yake shiga. Saboda haka ba kwanon abinci ake rubutawa ba, iyawar ce ake rubutawa, da mutanen da ke riƙe da ita, da lokutan da ake yin ta.

Ba UNESCO ce ke yawo tana ɗanɗana miya ba. Ƙasa ce ke haɗa takardu ta kai, tare da shaidar cewa masu al'adar sun yarda, da tsarin yadda za a kiyaye ta. Masana su duba, kwamitin ƙasashe 24 ya amince ko ya mayar. Ba a tambayar wa ya fara, ba a tambayar na wa ya fi daɗi. Bayan an shiga, ƙasar na kai rahoto lokaci-lokaci, kuma ana iya cire abu: a 2019 an cire bikin Aalst na ƙasar Beljiyam saboda zanen cin mutuncin Yahudawa da ake fitowa da su.

Misali mafi kusa da mu shi ne hawan sallar Kano, wanda ya shiga wannan kundi a Disambar 2024, kamar yadda bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016. Babu wanda ya ji an ce daga yau Katsina da Zazzau da Bauchi su kwance sirdi tunda an rubuta Kano. Haka a 2023 aka shigar da al'adun buɗa-baki na watan Ramadan da sunan ƙasashe huɗu: Azarbaijan, Iran, Turkiyya da Uzbekistan. In da shiga kundin mallaka ce, da sai mun nemi izinin Tashkent, babban birnin Uzbekistan, kafin mu sha kunun tsamiya da ƙosai in an kira magariba.

Kuma ba buhun kuɗi ke biyo bayan rubutun ba. Akwai asusun da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ke neman tallafi daga ciki, amma sai an nema, kuma don wani aiki takamaimai.

## To sunan jalof fa, daga ina?

A nan 'yan Senegal na da gaskiya, amma ba UNESCO ce ta ba su ba, tarihi ne. Jolof sunan wata daula ce ta Wolof da ta yi ƙarfi a inda Senegal da Gambiya suke yanzu, daga wajen ƙarni na 14 har ta fara wargajewa bayan yaƙin Danki a 1549. Sunan girkin daga can ya fito. Abin dariya shi ne su kansu ba su cika kiransa jalof ba. A Gambiya benachin suke cewa, wato tukunya ɗaya, ma'anar da ta yi kusa da dafaduka tamu.

Sai dai suna daban, abin da ke cikin tukunya daban. Shinkafa tsohuwa ce a wannan yanki. Akwai irin Afirka na asali da aka fara nomawa a fadamun kogin Neja da ke Mali kimanin shekara dubu uku da suka wuce. Amma tumatir da barkono 'yan nahiyar Amurka ne, ba su tsallako teku ba sai bayan 1492, kuma sun ɗauki lokaci kafin su zauna a madafan Afirka ta Yamma. Ke nan sarakunan Jolof na farko ba su taɓa ganin jar shinkafar da ake faɗa a kanta a intanet ba. Wadda muka sani yau, da tumatirin gwangwani da dunƙule da kori, ta kwanan nan ce idan aka auna da shekarun daular.

Kowace ƙasa ta ja ta zuwa nata ɗanɗano. A kudancin Najeriya turararriyar doguwar shinkafa ake so, da ƙaurin itace irin na gidan biki. 'Yan Ghana sun fi karkata ga mai ƙamshi. Mu kuma muna da dafadukar manja da daddawa da busasshen kifi, wadda ba ta taɓa shiga gasar kowa ba, ga shi kuwa ita ce ke ceton gida ran da babu kuɗin miya.

Musun ya daɗe yana jan manya. A 2017 ministan yaɗa labaran Najeriya na lokacin, Lai Mohammed, ya ambaci Senegal da wani ɗan jaridar CNN ya tambaye shi batun jalof, aka yi masa ca har sai da aka fito ana bayanin cewa asali yake nufi, ba daɗi ba. A Satumbar 2025 Hilda Baci, wata mai girki 'yar Najeriya, ta dafa fiye da kilo dubu takwas a tukunya ɗaya a Legas, ta shiga kundin Guinness. A ganina mafi yawan wannan wasan taubasai ne, irin na Kanawa da Zage-zagi ko Fulani da Barebari. Kuma shi kansa wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, Jamhuriyar Nijar ta shigar da shi wannan kundi na UNESCO tun 2014.

In kuwa za a bi asali a ƙwace, Hausawa na da dogon lissafi. Waakye da ake layi a kansa da safe a Accra, shinkafa da wake ce, sunan ma wake ne aka lanƙwasa. Tuo zaafi tuwon zafi ne. Koko da koose na Ghana, suya ta Legas, agashe na Sudan, duk sawun fatake da mahauta da alhazan ƙafa ne. Amma kafin mu miƙa takardar ƙara, sai mu fara mayar wa Larabawa gurasa da alkubus, tunda sunayensu daga Larabci suke.

## Inda abin ya wuce wasa

Ba ko'ina ne ake musun tukunya da dariya ba. Ranar 1 ga Yulin 2022, wata huɗu da 'yan kwanaki bayan Rasha ta afka wa Yukren, UNESCO ta shigar da al'adar dafa borsh ta Yukren cikin jerin abubuwan da ke buƙatar ceton gaggawa. Borsh wata jar miya ce mai ɗan tsami da ake yi da kabeji da wata jar saiwa, kuma ana shan ta a Rasha da Folan da maƙwabtansu. Dalilin gaggawar shi ne yaƙi ya tarwatsa iyalai, ya raba mutane da gonakinsu da zaman cin abinci tare. A Kyiv an yi murna kamar an ci gari, a Mosko an yi ba'a. UNESCO kuwa ta fito ta bayyana cewa shigarwar ba ta nufin mallaka, ba ta kuma nufin babu mai yin ta sai su. Wannan bayani shi ne amsar tambayar jalof, sai dai bai kai kanun labarai daɗin yaɗawa ba.

Koriya ma haka. Abin da Koriya ta Kudu ta shigar a 2013 ba kimchi ba ne, wato kabejin da ake cakuɗawa da gishiri da barkono a bar shi ya yi tsami. Kimjang ta shigar, taron gayya da dangi da maƙwabta ke yi gab da hunturu su haɗa na watanni a lokaci ɗaya, a raba har ga marasa hali. Bayan shekara biyu Koriya ta Arewa ta shigar da nata, aka karɓa. Abu ɗaya, ƙasashe biyu da ba sa ga maciji, rubutu biyu.

Wani lokaci kuma tukunyar ce ke haɗa waɗanda siyasa ta raba. Aljeriya da Maroko sun daɗe suna zaman doya da manja, har suka yanke hulɗar jakadanci a Agustan 2021. Amma 'yan watanni kafin nan, a Disambar 2020, sun shigar da kuskus tare, su da Tunisiya da Muritaniya, a takarda ɗaya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Haiti, wanda ya shiga a zama ɗaya da ceebu jën. Miyar kabewa ce da nama da kayan lambu, suna kiranta joumou. Abin da mutanen Haiti ke faɗa wa 'ya'yansu shi ne, a zamanin bauta bayi ke dafa ta, iyayengiji Faransawa ke sha, mai dafawa ba shi da ikon ɗanɗanawa. Ranar 1 ga Janairun 1804 da aka ayyana 'yanci, aka dafa ta aka raba wa kowa. Tun daga nan kowace sabuwar shekara da ita ake karya kumallo, a zuba a kwano a aika wa maƙwabta. Idan ka cire ranar da labarin, abin da ya rage miyar kabewa ce kawai, kusan 'yar'uwar taushe.

## Rana ɗaya, tukwane da yawa

Abincin biki ne ya fi nuna raunin maganar mallaka, domin dalili ɗaya kan haifi girki daban-daban a wurare masu nisa. Ɗauki cika-ciki. A gidajen Hausawa da dama akan adana wani abu daga ragon layya, musamman jela, a ajiye har Muharram ta kama, a dafa a ranar Ashura a ci a ƙoshi. A Maroko ma akan busar da naman layya da gishiri da kayan ƙamshi, su kira shi gaddid, a ajiye don kuskus ɗin Ashura. A Senegal ranar sunanta Tamkharit, abincinta kuwa cere ne, wani irin dambun gero da miyar nama, ana kai wa dangi da surukai. A Turkiyya ashure ake yi, haɗin alkama da wake da busassun 'ya'yan itace da sukari, a rarraba wa maƙwabta gida-gida, suna danganta shi da abin da ya rage a jirgin Annabi Nuhu.

Wa ya kwaikwayi wa? Kalanda ɗaya ce, kowa ya duba rumbunsa ya dafa abin da ya samu.

## Takardar da ke taɓa aljihu

Ga wadda ya kamata mai sana'a ya buɗe ido a kanta. Akwai wata rajista ta kasuwanci da za a iya kira hatimin asali. Ita doka ce, ba karramawa ba. Tana cewa ba wanda zai sayar da kaya da wani suna sai in a wani yanki aka yi su, bisa wasu ƙa'idoji da aka rubuta. Cukun feta misali ne: Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga Girka a 2002, Danmak da Jamus suka kai ƙara, kotun tarayyar ta kore su a 2005. Kamfanin Danmak na iya ci gaba da yin farin cukunsa, amma ba zai rubuta feta a jiki ba. Indiya da Pakistan sun shafe shekaru suna jan igiya a gaban Turai kan sunan shinkafar basmati, tun da Indiya ta nemi hatimin a 2018, domin kasuwar ta manyan kuɗi ce.

A Afirka akwai hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ƙasashe 17 suka haɗu a ciki, galibinsu masu amfani da Faransanci. Nijar na ciki, Kamaru da Chadi na ciki, Najeriya ba ta ciki. A 2013 ta ba da hatimi ga masoron Penja na Kamaru, farashinsa ya tashi, manoma suka gani a hannu. Daga baya Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi irin wannan rajista.

Shin ke nan an ƙwace wa mahautan Agadasawa a Kano sana'arsu? A'a. Abin da aka kare shi ne sunan kilishin Nijar, a cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin hukumar. Mai kilishi a Kano ko Marwa zai ci gaba da shanya namansa ya kira shi kilishi. Abin da ba zai yi ba shi ne ya liƙa masa sunan Nijar a waɗancan kasuwanni. Amma akwai abin lura. Ran da mai babban kanti a Abidjan ko Dakar zai zaɓi wanda zai ɗora a kan kanta, mai hatimi da ƙa'idar tsafta a rubuce ya riga mai leda da tsohuwar jarida. A nan ne maƙwabci ke iya wuce ka ba tare da ya ƙwace maka komai ba.

Masu goyon bayan irin wannan rajista na cewa ita ce ke hana ɗan kasuwa mai jari ya kwashe sunan da talakawa suka gina shekara da shekaru. Masu shakka kuma na cewa ƙa'idar da aka rubuta a ofis na iya fitar da ƙaramin mai sana'a da ba shi da kuɗin cika sharuɗɗa, kuma abinci irin kilishi, da iyaka ta ratsa tsakiyar masu yin sa, bai dace a sa masa tutar ƙasa ɗaya ba. Mahaucin Maraɗi da na Katsina sau da yawa dangi ne. Ni dai na fi ganin hikimar masu kuskus, da suka shiga takarda ɗaya tare.

## Me ya rage wa mai tukunya?

Ga uwargidan da ke Dakar, rubutun 2021 bai rage mata kuɗin kifi ba. Manyan jiragen kamun kifi da yawan kamu sun sa kifin da aka fi so a ceebu jën, wanda suke kira thiof, ya yi wuya ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma ƙananan kifaye. Wanda ya fi cin riba kai tsaye shi ne mai otal da mai kawo 'yan yawon buɗe ido. Akwai kuma ribar da ba a ƙirgawa: yarinyar da ke ganin girkin kakarta ƙauyanci ne takan sake kallonsa in ta ji duniya ta yaba.

Mu ma a nan, abin da ke cin girkin gida ba ɗan Ghana ba ne. Tsada ce ta farko. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 don kare shinkafar gida, an cire tallafin mai a Mayun 2023, kowanne ya bar tabo a farashin kwano. Manoman tumatir a Kano da Kaduna ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki. Har akwai wani kamfanin bincike a Legas, SBM Intelligence, da ke auna tsadar rayuwa da kuɗin dafa tukunyar jalof ta iyali mai mutum biyar. Na biyu kuma, wanda ba ya fitowa a kowane ma'auni, shi ne yankewar koyo.

Ƙaramar sallar da ta wuce na je gidan gwaggona da niyyar in rubuta yadda take miyar taushe, wadda tun muna yara ake aiko mana da ita da waina a babban kwanon samira. Na tafi da littafi da biro, na kunna waya tana ɗauka. Tun asuba ta ɗora tantaƙwashi, kabewar na gefe an fere, gyaɗar an soya sama-sama an daka.

Na ce, “Gwaggo, gyaɗar nan kamar gwangwani nawa ake sawa?”

Ta ce, “Daidai misali.”

“Yakuwar fa?”

“Ke 'yar nan, ai kabewar ce za ta gaya miki. In mai zaƙi ce ki ƙara, in lami ce ki rage.”

Ta ɗebo da ludayi ta ɗiga a tafin hannunta ta lasa, ta yi shiru, ta ƙara daddawa rabin ƙwallo. Ba ta duba agogo ko sau ɗaya ba. Da lokacin zuba alayyahu ya yi, daga tsakar gida ta taso, wai ta ji tafasar ta canza murya. Na duba littafina, abin da na rubuta bai wuce layi shida ba, uku daga ciki “daidai misali” ne.

Wannan shi ne abin da kundin 2003 ke ƙoƙarin kamawa, shi ne kuma abin da takarda ba ta iya riƙewa. 'Ya'yan gwaggo mata huɗu ne. Biyu na aiki, sallarsu daga wajen masu girkin oda take zuwa, kuma ban ga laifinsu ba, wanda ya tashi ƙarfe biyar ya dawo magariba ba shi da awa huɗu na tsayuwa kan tantaƙwashi. Ɗaya na aure a Abuja, ta ce kabewar can ruwa ce zalla. Autar ce kaɗai ke zama kusa da murhu, ita ma rabin hankalinta na kan waya.

Da na koma gida na gwada. Kala ta yi, kauri ya yi, amma ba ita ba ce. Na kira gwaggo na zayyana mata duk abin da na zuba, tana ta cewa to, to. Can ta katse ni.

“Daddawar wa kika sa?”

Na ce ta kasuwa ce, na haɗa da dunƙule biyu.

Ta ce ita shekara talatin wajen mace ɗaya take saye, wata tsohuwa da ke kawowa daga ƙauye ranar kasuwa, ta kalwa zalla ba gaurayen waken suya. Tsohuwar ta rasu bara, 'ya'yanta ba wanda ya ɗauki sana'ar. Wadda na ga ta gutsura ran sallah, cikin ragowar ƙwallaye bakwai ce da ta ƙulle a tsumma ta sa a ƙasan kwalla.

Ta ce in zo da babbar sallah in karɓi ɗaya, amma in bar littafin a gida.